Ɗalibai shida daga aji biyu: yadda wata makaranta a Damagaram ta warware rigimar maki

Asalin lamarin

Makarantar ta kuɗi ce, matakin kwaleji, a wata unguwa da ke wajen tsohon Birni a Damagaram. Ba zan ambaci sunanta ba, balle na mutanen da abin ya shafa. Kamar sauran kwalejojin Nijar, shekara huɗu ake yi a cikinta a ƙare da jarrabawar BEPC, kuma bisa 20 ake ba da maki, wanda ya kai 10 shi ne ya ci. A shekarar karatu ta 2022-2023, ajin da ke gab da na ƙarshe, wato katiriyem, ya kasu biyu. Ajin A ɗalibai 60, ajin B ɗalibai 40, don ɗakin B ƙarami ne.

Kowane aji da malaminsa na lissafi, kuma kowane malami shi ke tsara tambayoyinsa, shi ke duba takardunsa. Malamin A matashi ne, in yaro ya bi hanyar da ta dace ya tuntuɓe a ƙarshe, yana ba shi mafi yawan makin. Malamin B dattijo ne da ya daɗe a aikin, a wurinsa in amsar ƙarshe ba daidai ba ce, ko yaro ya manta bai rubuta santimita a gefen lamba ba, to jan biro zai yi aiki. Yara suna cewa yana da rowar maki. Duk makarantar ta san wannan bambanci, amma bai taɓa damun kowa ba, tunda kowane aji a cikin kansa ake jera shi.

A watan Janairun 2023 tsofaffin ɗaliban makarantar suka aiko da takarda cewa za su biya wa yara shida kuɗin makaranta na shekarar BEPC, waɗanda suka fi ƙoƙari a lissafi cikin katiriyem duka. Wanda ya zo na ɗaya za a ƙara masa keke. Ga gidan da ke lissafin hatsi buhu-buhu har zuwa kaka, wannan kyauta ce mai iya raba gardama tsakanin yarinya ta ƙarasa kwaleji ko ta zauna gida.

Fabrairu: jerin farko

Da sakamakon zangon farko ya fito, darakta ya haɗa makin azuzuwan biyu a takarda ɗaya, ya jera daga babba zuwa ƙarami, ya ja layi ƙarƙashin na shida. Makin shidan su ne 17.5, 17, 16.5, 16.5, 16 da 16. Dukkansu 'yan A ne. Wadda ta fi kowa a B, yarinya ce mai 15.5, ta faɗo ƙasan layi tare da wasu 'yan A biyu masu maki irin nata. Masu bi mata a ajinta suna da 14, 13, 12.5 da 12.

Aka liƙa takardar a ƙofar ofis. Kwana biyu bayan nan kawun yarinyar ya zo da takardun sakamakonta tun daga shekarar farko, a naɗe cikin leda, ya shimfiɗa su kan teburin darakta. Abin da ya tambaya ɗaya ne: yarinyar da ba ta taɓa zuwa ta biyu ba, yaya aka yi mutum shida suka wuce ta rana ɗaya? Aka kira malamin B, ya ce shi bai ƙara wa kowa ba, bai rage wa kowa ba. Malamin A ma haka ya ce. Aka cire takardar daga ƙofa.

Maris: gyara biyu da ba su karɓu ba

Gyaran farko daga darakta ya fito. Ya duba matsakaicin maki, mwayen kamar yadda muke cewa a nan, ya ga na A 13 ne, na B 9. Sai ya ce a ƙara wa kowane ɗan B maki 4. Da aka yi haka yarinyar ta koma 19.5, na biyunta 18, na uku 17, na huɗu 16.5. Sabon jerin ya ba B gurbi uku cikin biyar na farko, sannan mutum uku suka yi kunnen doki a gurbi na shida da 16.5, biyu daga A, ɗaya daga B. Iyayen 'yan A suka ce ba su san da makin da yaro bai rubuta da hannunsa ba. Malamin A kuma ya kawo hujjar da ta fi wannan nauyi. Ya ce makin ajinsa a dunƙule yake, yawancin yara ba su yi nisa da 13 ba, na B kuwa a baje yake. Ƙara 4 ya matsar da tsakiyar B zuwa daidai da ta A, amma ya bar bazuwar yadda take, don haka na saman B sun haye fiye da yadda ya kamata. Aka janye.

Gyara na biyu shi ne a raba daidai, uku daga kowane aji. Wannan bai kwana ba ma. Da farko dai gurbi na uku a A mutum biyu ne ke riƙe da shi, kowanne 16.5. Sannan mahaifin ɗaya daga cikinsu, ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, ya ce da darakta: "Mushe, uku cikin sittin da uku cikin arba'in ba ɗaya ba ne. Ɗana ya wuce yara hamsin da shida, wancan ya wuce talatin da bakwai." Ba wanda ya iya ba shi amsa. Azumi ya shigo a ƙarshen watan, aka ajiye maganar sai bayan salla.

Ƙarshen Afrilu: raba maki gida huɗu

A nan ne aka neme ni, don ina koyar da lissafi a wata makarantar daban kuma ba ni da ɗa ko ƙani a cikin yaran. Na roƙi a ba ni makin duka ɗalibai 100, ba na saman kaɗai ba. Muka zauna da malaman biyu a wani aji da babu kowa, muka rubuta makin kowane aji a kan allo daga ƙarami zuwa babba.

Abu na farko, muka nemo makin tsakiya, wanda rabin aji ke ƙasansa, rabi ke samansa. A A 13 ne, a B 9. Sai muka sake raba kowane rabi biyu, aji ya zama kashi huɗu, iyakoki uku. A ajin A iyakar rubu'in farko 12 ce, ta uku 14.5. A ajin B ta farko 7.5, ta uku 10.5. Malamin B ya daɗe tsaye yana kallon allon. Yaron da ya wuce kashi uku cikin huɗu na ajinsa yana da 10.5, alhali yaron da kashi uku cikin huɗu na A suka wuce shi yana da 12. Fiye da rabin B ba su kai 10 ba, a A kuwa waɗanda suka faɗi ba su wuce biyar ba.

Iyakokin nan sun taimaka a wani wurin da ban zata ba. Tun Maris ake raɗe-raɗin cewa makin yarinyar ya yi yawa a ajin da kowa ke kuka, wai ko an nuna mata tambayoyi. Akwai ƙa'idar da John Tukey, masanin ƙididdiga ɗan Amurka, ya shimfiɗa a shekarun 1970 don gane lambar da ta fita daga cikin 'yan uwanta: a ɗauki tazarar da ke tsakanin iyakar rubu'in farko da ta uku, a ninka ta sau ɗaya da rabi, a ɗora kan iyaka ta uku. A B tazarar 3 ce, sau ɗaya da rabi 4.5, a ɗora kan 10.5 a samu 15. Makinta 15.5, ya tsallake shingen da rabin maki. A A shingen 18.25 ne, ba wanda ya kai shi. Ƙa'idar ba ta ce a jefar da irin wannan lamba ba, cewa ta yi a koma a dube ta. Muka ɗauko takardar jarrabawarta da kayenta na lissafi. Hanyar da ta bi a wata tambayar awon kusurwa ba ita malamin ya koyar ba, ta fi tsawo, an soke layi biyu an sake, kuma ta kai ga amsa. Wanda aka nuna wa amsa ba ya shan wannan wahala. Maganar ta mutu daga ranar.

Matsayi cikin ɗari, da inda ya tsaya

Hujjar ɗan kasuwan nan ita muka mayar lissafi. Ga kowane yaro, a ƙirga waɗanda makinsu bai kai nasa ba a ajinsa, a raba da yawan ajin, a ninka da 100. Wannan shi ne matsayinsa cikin ɗari, awon da Francis Galton na Ingila ya yi wa suna a 1885. Na ɗayan A ya wuce 59 cikin 60, wato 98.3. Yarinyar B ta wuce 39 cikin 40, wato 97.5. Na biyun A 96.7, na biyun B 95, masu 16.5 ɗin nan biyu 93.3 kowanne, na ukun B 92.5. In aka cire na ukun B, shida na farko ke nan: huɗu daga A, biyu daga B. Ɗan kasuwan ya yi gaskiya, ɗansa yana gaban na ukun B, ko da da ƙyar.

Sauran keke. A wannan awo ɗan A ne na ɗaya. Malamin B, wanda bai cika magana ba, ya ce: "To ai ko 20 ta ci, 97.5 ɗin nan za ta tsaya." Haka ne kuwa. Matsayi cikin ɗari yana faɗin mutum nawa ka wuce, ba ya faɗin da nawa ka wuce su. A ajin mutum 40 ba wanda zai taɓa haura 97.5, komai zarrar da ya yi.

Makin z

Awon da ke kula da nisa shi ne makin z. Kafin a same shi sai an san yadda makin aji ya bazu. Ana cire matsakaici daga makin kowane yaro, a ninka abin da ya rage da kansa, a tara duka a raba da yawan yara, sannan a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi. Ita ce ma'aunin bazuwa, ekar-tip a bakin malaman lissafi na ƙasar nan, kuma Karl Pearson ne ya fara rubuta sunanta na Ingilishi a 1894. Da na'urar lissafi ta salula muka yi, mutum ɗaya na karantawa, ɗaya na dannawa, muka maimaita don tabbatarwa. Na A ya tashi 2, na B 2.5. Malamin A ya yi daidai da ya ce makin B ya fi bazuwa.

Daga nan aikin ba wuya: makin yaro, a cire matsakaicin ajinsa, a raba da ma'aunin bazuwar ajinsa. Yarinyar: 15.5 a cire 9 saura 6.5, a raba da 2.5, ya ba da 2.6. Na ɗayan A: 17.5 a cire 13 saura 4.5, a raba da 2, ya ba da 2.25. Na biyun A da na biyun B kowanne 2. Masu 16.5 kowanne 1.75. Na ukun B 1.6, masu 16 a A 1.5. Yara shidan da matsayi cikin ɗari ya zaɓa su ne z ya zaɓa, sai dai kan layi ya canza hannu. In maki ya bi siffar da aka saba gani, yawa a tsakiya, kaɗan a gefe biyu, kusan kashi 95 cikin 100 na yara suna faɗawa tsakanin -2 da +2, wanda zai haura 2.6 kuwa bai kai ɗaya cikin 200 ba. Na gaya wa malaman kada mu jingina da wannan sosai, aji 40 bai isa a rantse da siffarsa ba.

Farkon Mayu: tambayar Hajiya

Aka kira kwamitin iyaye ranar Asabar da safe, kafin zafi ya tsananta, aka jera benci ƙarƙashin dogon yaro. Na yi bayani a kan allon da aka jingina da bango. Da na rubuta -2 da +2, wata Hajiya da ke aikin awon yara a cibiyar kiwon lafiya ta unguwa ta ce ai wannan shi take yi kullum.

Ita ta ƙarasa bayanin, kuma ta fi ni iya shi. Ta ce in uwa ta kawo yaro aka ɗora shi a sikeli ya nuna kilo 8, wannan lamba ita kaɗai ba ta ce komai ba. Sai an kwantar da shi a allon awo an ga tsawonsa. Namiji mai santimita 70, matsakaicin nauyinsa a jadawali kilo 8.4 ne, don haka mai kilo 8 lafiya lau yake. Mai santimita 80 kuwa matsakaicinsa 10.4 ne, layin -3 yana kan 8.2, don haka mai kilo 8 yana cikin tamowa mai tsanani, ba za a bar shi ya koma gida haka ba. Tun bayan yunwar 2005 da ta taɓa jahohin Damagaram da Maraɗi, da wuya a samu uwa a garin nan da ba ta san igiyar awon dantse mai ja da rawaya da kore ba, ko ta ji an ce yaro ya shiga ja, wato ƙasa da milimita 115. Iyayen suka gyara zama.

Sannan ta juyo gare ni. Ta ce: "Amma Malam, mu ba da yaran ƙauyensu muke auna yaro ba. Da haka muke yi, ƙauyen da yunwa ta game kowa sai mu ce duk lafiyarsu ƙalau. Jadawali ɗaya ne ga kowa. Ku kun auna 'yan A da A, 'yan B da B. In 'yan A sun fi su sani da gaske fa?" Jadawalin da take nufi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne da ya fito a 2006, an gina shi kan awon yara kusan 8,500 da aka bi tsakanin 1997 da 2003 a ƙasashe shida: Brazil, Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Abin da ta gano shi ne makin z da muka yi ya ɗauka tun farko cewa azuzuwan biyu ƙarfinsu ɗaya, ya mayar da tsakiyar kowanne sifili ba tare da ya tambaya ba.

Darakta ya ɗauko rajistar bara, lokacin da malami ɗaya ya koyar da azuzuwan biyu da tambayoyi iri ɗaya. Makin tsakiya a A 11 ne, a B 10.5, iyakar rubu'i ta uku 13 a dukansu. Malamin A ya ce wannan na bara ne, in shi ya fi iya koyarwa a bana fa? Ba wanda ya yi dariya, don tambaya ce mai tushe.

20 ga Mayu: jarrabawa ɗaya

Kwamitin ya tsai da shawara kafin a rubuta ko tambaya ɗaya, aka sa a takarda kowa ya sa hannu. Yara 12 da suka fi makin z su ne 'yan takara, takwas daga A, huɗu daga B. Duka ɗalibai 100 za su zauna jarrabawa ɗaya ta awa ɗaya, daga darussan da azuzuwan biyu suka gama. Malaman biyu su amince da yadda za a raba maki tun kafin ranar. A naɗe sunaye a sa lamba, ni in duba. Shida da suka fi maki cikin 12 su ne za a ba.

Makin tsakiya ya fito 11.5 a A, 11 a B. Tazarar 4 ta koma rabin maki. A cikin 'yan takara yarinyar ta samu 17, na ɗayan A 16.5, na biyun A da na biyun B 15.5 kowanne, ɗaya daga masu 16.5 na da ya samu 15, na ukun B 14.5. Ɗan ɗan kasuwan ya samu 14, ya zo na bakwai.

Yuni: abin da aka zartar

Aka sanar da sunaye shida, uku daga A, uku daga B, keke ya tafi ga yarinyar. Darakta ya ce min ashe da an tsaya a uku-uku tun Maris da an huta. Ɗan kasuwan bai yi gardama ba, da hannunsa a takardar. Makarantar ta kuma yanke cewa daga shekara mai zuwa azuzuwan da ke mataki ɗaya za su riƙa yin jarrabawar zango ɗaya, malamai su yi musayar takardu wajen dubawa, a kuma rubuta makin tsakiya na aji a takardar sakamakon kowane yaro.

Abin da na gani a ciki

Ban yarda da darakta ba. Uku-ukun Maris da na Yuni adadinsu ne ɗaya kawai. Na Maris ba wanda zai iya kare shi gaban uban da ya yi tambaya, bai ma san wanda zai ɗauka cikin masu 16.5 ba. Jerin Fabrairu ya faɗi ne don 16 a hannun malami ɗaya ba 16 ba ne a hannun ɗayan. Ƙara 4 ya gyara tsakiya ya manta bazuwa. Iyakokin rubu'i su suka fara nuna wa malaman girman ramin da ke tsakaninsu, kuma su suka wanke yarinyar. Matsayi cikin ɗari ya daidaita girman azuzuwa amma ba ya ganin nisa. Makin z ya ga nisa, kuma jarrabawar Mayu ta gaskata shi a mutum biyar cikin shida, har da wadda ta cancanci keke. Amma da 'yan A sun fi ƙarfi da gaske, da z ya zalunce su ba tare da kowa ya lura ba, kuma ni da na kawo shi ban da hanyar ganewa daga lambobin da ke kan allo. Tambayar Hajiya ce ta rufe wannan ƙofa.

Abin da har yanzu bai kwanta min ba shi ne yaro na bakwai. A matsayi cikin ɗari ya wuce na ukun B da 93.3 kan 92.5. A makin z ya wuce shi da 1.75 kan 1.6. A jarrabawar Mayu an wuce shi da rabin maki. Ba ɗaya daga cikin waɗannan tazarori da ta isa a ce wannan yaro ya fi wancan lissafi, in an sake jarrabawar mako mai zuwa suna iya musanya wuri. An bi ƙa'idar da aka amince da ita, kuma ya dace a bi ta. Na rubuta wa tsofaffin ɗaliban ina roƙon su ware rabin kuɗin gurbi ɗaya don irin wannan hali, inda na shida da na bakwai ba su rabu da cikakken maki ɗaya ba. Sun ce za su duba a taronsu. Kuɗin shekarar BEPC na yaron, mahaifinsa ne ya biya.